Fasahar Zane da Ilimin Shimfiɗar Ƙasa: Amfanin Binciken Jami'a ga Tamawa, Kurfi da Dutsin-Ma

Gabatarwa

Idan aka ambaci binciken jami'a, abin da yakan zo wa jama'a a rai shi ne ɗakin gwaje-gwaje da manyan littattafai. Haka kuma idan aka ambaci mai zane, sai a tuna da mai rubuta allon shago ko mai ƙawata bayan babbar mota. Mutane kaɗan ne ke ganin akwai wata alaƙa tsakanin waɗannan biyu. To amma a jami'o'i da dama na duniya, har da na gida Nijeriya, akwai wani salon bincike da ke haɗa mai fasahar zane da masanin kimiyyar ƙasa a kan aiki guda, wato nazarin shimfiɗar ƙasa: duwatsunta, da rafukanta, da itatuwanta, da gonakinta, da kuma yadda suke sauyawa a hannun ruwa da iska da ɗan'adam.

Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu bayanin wannan fanni, musamman mazauna Tamawa da sauran garuruwan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, saboda dalilai biyu. Na farko, tun shekarar 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, malamai da ɗalibai masu bincike sun zama maƙwabtanmu. Na biyu, ƙasar da muke nomawa tana sauyawa sannu a hankali, ta yadda wanda ke zaune a kanta kullum ba ya lura sai ɓarna ta yi nisa. Babban amfanin wannan fanni shi ne yana sa a ga sauyin da ido tun da sauran lokacin gyara.

Shimfiɗar Ƙasar Yankin

Duk wanda ya biyo hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi zai lura da fili mai faɗi, wanda jefi-jefi duwatsu ke tasowa a cikinsa, wasu a mulmule, wasu kuma a jibge kamar an ɗora su da hannu. Mafi shahara shi ne dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa, wanda tarihin baka ya danganta da wani maharbi mai suna Ma. Masana suna kiran irin waɗannan duwatsu da wata kalma ta Jamusanci mai ma'anar tsibirin dutse, domin suna tsaye su kaɗai a tsakiyar fili kamar tsibiri a tsakiyar ruwa.

Akasarin waɗannan duwatsu na nau'in giranit ne, kuma suna cikin tsohon harsashin dutse da ke ƙarƙashin mafi yawan tsakiyar Jihar Katsina. Masana sun ƙiyasta cewa sun daskare a can cikin ƙasa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce. A tsawon zamani, ruwa ya riƙa ratsa tsagogin dutsen yana ruɓar da shi. Inda tsagogi suka yi yawa sai dutsen ya narke ya zama ƙasa, inda kuwa ya kasance dunƙule sai ya jure. Da ruwan sama ya kwashe ruɓaɓɓen ɓangaren, sai dunƙulen ya bayyana a sarari. Har yanzu aikin bai tsaya ba, domin bayan dutsen yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, kuma tsakuwar da ke gangarowa ita ce asalin ƙasar gonakin da ke gindinsa.

Daga gindin dutse zuwa bakin rafi, ƙasa tana sauya kama daki-daki, kuma manomanmu suna da suna ga kowane mataki. Akwai ƙasa mai tsakuwa da marmara a tudu, akwai jangargari, akwai jigawa mai yashi inda gero da gyaɗa da wake suka fi yin kyau, akwai fako inda ƙasar sama ta tafi aka bar ƙeƙasasshen wuri, sannan akwai laka da dabaro a fadama. Ruwan da ya sauka a wani sashe mai yawa na wannan yanki yana bin ƙoramu ya faɗa kogin Karaduwa, wanda a kansa aka gina Madatsar Ruwa ta Zobe da aka kammala a shekarar 1983, mai iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. Ma'anar wannan ita ce, ƙasar da ruwa ya kwasa daga gonar da ke saman madatsa ba ɓacewa take yi ba. Manomi ya yi asarar albarkar gonarsa, madatsa kuma ta karɓi yashi da laka da ke rage mata zurfi. Asara biyu ke nan daga ɓarna guda.

Yadda Fannonin Biyu Suka Haɗu

Ilimin shimfiɗar ƙasa ya ƙunshi labarin ƙasa, da nazarin duwatsu, da kimiyyar ƙasar noma, da nazarin ruwa da tsirrai. Aikin masaninsa shi ne awo: zurfin ƙasa nawa ne, kwazazzabo ya ci taku nawa a damina guda, itatuwa nawa ne a kowace hekta. Mai fasahar zane na zamani kuwa aikinsa ya wuce kwaikwayon abin da ido ya gani a kan takarda. Yana iya aiki da laka, da dutse, da saƙa, da hoto, da sauti, domin ya jawo hankalin mai kallo ga wani abu da ya saba wucewa bai kula ba. Idan aka ce binciken jami'a ta hanyar fasaha, ana nufin cewa aikin da ɗalibi ya ƙera da hannunsa yana cikin sakamakon binciken, tare da rubutaccen bayani da malamai za su auna kamar yadda ake auna kowane kundin digiri.

Haɗuwar fannonin biyu tana da dogon tarihi. A shekarar 1802 wani masani Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya hau dutsen Chimborazo a ƙasar Ekwado yana awon tsawo da sanyi yana rubuta sunayen tsirrai. A 1807 ya fitar da sakamakon a cikin babban zane guda, wanda ya nuna dutsen kamar an yanka shi biyu, kowane tsiro a matakin da yake rayuwa. Wannan zane ya sa mutane suka fahimci dangantakar tsawon wuri da yanayi da tsirrai a kallo ɗaya.

Misali na biyu ya fi kusa da manomi. Duk masanin ƙasar noma da ya fita daji yakan riƙe wani ɗan littafi mai ɗauke da ƙananan launuka a jere, yana kara ɗan ɓarɓashin ƙasa da su domin ya tantance launinta. Wanda ya ƙirƙiro tsarin wannan littafi, Albert Munsell, mai zane ne kuma malamin zane a birnin Boston na Amurka, kuma ya wallafa tsarin a 1905 domin koyar da ɗalibansa. Ya raba kowane launi gida uku: asalin launin, da haskensa ko duhunsa, da kuma ƙarfinsa. Daga baya masana ƙasa suka ɗauki tsarin, domin launi yana faɗin halin ƙasa. Ja yana nuna tsatsar ƙarfe a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Toka-toka mai ɗigo-ɗigo yana nuna wurin da ruwa ke daɗewa. Baƙi-baƙi kuwa sau da yawa alama ce ta ruɓaɓɓen ganye da taki. Ashe ke nan idon mai zane ya daɗe yana yi wa kimiyyar ƙasa hidima.

Daga wajen shekarar 1970 masu fasaha suka fara fita daga ɗakunan nuni suna aiki da ƙasar kanta. A 1982 wani mai fasaha Bajamushe, Joseph Beuys, ya ƙaddamar da dashen itatuwa 7,000 a birnin Kasel, kowace bishiya da dutse a gefenta, ya kuma ce wannan shi ne aikinsa na fasaha. An kammala dashen a 1987, kuma itatuwan sun zama wani ɓangare na birnin.

Tushen Wannan Ilimi a Ƙasar Hausa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan baƙon abu ne a wurinmu. Masu sana'o'in gargajiya na ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa sanin ƙasa da ƙawa. Magini ba ya fara gini sai ya san ramin da zai ɗebi ƙasa, ya san wadda za ta yi tubali da wadda za ta tsage idan ta bushe. Ya san azarar giginya ita ce gara ba ta ci da wuri. Ya san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ƙarfafa yaɓe, kuma katsin da aka kwaso daga rijiyar marina yana shiga haɗin laso mai hana ruwa ratsa soro. Bayan duk wannan sai ya zana dagi a fuskar zaure, ya ɗaga zanko a kan katanga. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne na inda wannan sani ya kai.

Haka mai ginin tukwane ta san bakin ƙoramar da yumɓu mai kyau yake, ta san abin da za ta haɗa masa don kada tukunya ta fashe a wuta. Maƙeran da suka gabata sun san dutsen tama da ido, suka narka shi suka fitar da ƙarfen garma da fartanya. Marina sun san inda baba yake yin kyau, dukawa kuma sun san karan dafi da ke ba fata jan launi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i taswira ce ta ƙasa da ke cikin kan mai ita.

Idan muka koma baya ƙwarai, akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, waɗanda masu bincike suka fara nazari a kansu cikin shekarun 1950, tare da duwatsun da ke ba da amo idan an buga su. Masana tarihi kuma sun nuna cewa duwatsu irin su Dala a Kano da Kufena a Zariya su ne cibiyoyin da jama'a suka fara taruwa, saboda tsaro da ruwa da ƙasa mai albarka da ke gindinsu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin ƙasar Katsina da aka buga a 1981, ya ba yanayin ƙasa muhimmanci wajen bayanin yadda garuruwa suka kafu. Abin damuwa shi ne, a yau siminti da kwano da roba suna maye gurbin waɗannan sana'o'i, kuma duk tsohon magini ko tsohuwar maginiyar tukwane da ta rasu, takan tafi da saninta na ƙasar garinsu ba tare da an rubuta ba.

Gudummawar Zariya

A arewacin Nijeriya, inda aka fi daɗewa ana wannan haɗi a matakin ilimi mai zurfi shi ne Zariya. An mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya zuwa Zariya a 1955, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaje shi. A 1958 wasu ɗalibai na wannan sashe, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a daina kwaikwayon Turai ido rufe, a haɗa dabarun zamani da abin da mutum ya gada a ƙasarsu. Wani abin lura shi ne, a tsarin Jami'ar Ahmadu Bello an sanya sashen zane a tsangaya ɗaya da masu tsara gine-gine da masu tsara birane, wato Tsangayar Tsara Muhalli. Daga cikin malaman da suka daɗe a sashen akwai Farfesa Jerry Buhari, wanda aka sani da ayyukan da ke jan hankali ga lalacewar muhalli.

Jami'ar ta kuma nuna cewa tana ɗaukar sanin masu sana'ar hannu a matsayin ilimi. A 1977 ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa na dokta. Ita dai Ladi Kwali maginiyar tukwane ce da ta koyi sana'a a gida, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda a yau ake kira Suleja. Shi Cardew sai da ya zagaya sassan ƙasar nan yana gwada yumɓu da duwatsu kafin ya zaɓi wurin. Hoton Ladi Kwali shi ne a bayan takardar naira ashirin.

A wannan zamani, ɗaya daga cikin fitattun masu wannan salo a duniya haifaffiyar Kano ce. An haifi Otobong Nkanga a 1974, ta yi karatu a jami'ar Ile-Ife da kuma birnin Paris, kuma ayyukanta sun fi karkata ga ƙasa da ma'adanai da raunin da haƙa ke bari. Ta je Tsumeb a ƙasar Namibiya, inda a da akwai wani koren tudu mai arzikin tagulla wanda haƙar ma'adinai ta mayar da shi rami, ta yi ayyuka a kan wannan rami da abin da aka kwasa daga cikinsa. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar kuma, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta zama farfesa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ita da abokiyar aikinta sun kammala ginin masallaci da ɗakin karatu a garin Dandaji a 2018, da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin.

Darasi Daga Maradi

Domin a fahimci ƙarfin gani da ido, ya kamata mu dubi abin da ya faru a Maradi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, an yi ta dashen itatuwa a yankin, amma mafi yawansu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya. Manoma suka karɓi dabarar, wadda suke kira sassabin zamani, ta yaɗu daga gona zuwa gona.

Shekaru kusan ashirin duniya ba ta san girman abin da ya faru ba, har sai da masu bincike, cikinsu da Gray Tappan da Chris Reij, suka jera hotunan sama na shekarar 1975 kusa da na bayan shekarar 2000. A tsohon hoto fili ne fetal, a sabon kuwa ɗigon itatuwa ne ko'ina. Sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Hotunan nan biyu da aka jera sun gamsar da hukumomi da masu ba da tallafi cikin sauri. Tun kafin wannan, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya nuna tun shekarun 1960 cewa manoman kewayen Kano suna kiyaye itatuwan gonakinsu duk da yawan jama'a. Darasin da ke ciki shi ne, manomi yana da sani, amma sai an fito da shi fili a siffar da kowa zai gani kafin a ba shi daraja.

Yadda Irin Wannan Bincike Zai Gudana a Tamawa

Mai karatu zai so ya san yadda aikin yake a aikace. Ga matakan da aka saba bi, waɗanda za su dace da gari kamar Tamawa.

Mataki na farko shi ne neman izini da gaisuwa. Masu bincike za su fara da hakimi da dagaci da masu unguwanni, su bayyana abin da ya kawo su da kuma abin da gari zai samu.

Mataki na biyu shi ne tafiya da ƙafa daga tudu zuwa fadama tare da dattawan gari. A kowane wuri da ƙasa ta sauya, dattijo zai faɗi sunanta da abin da ake shukawa a cikinta, masanin ƙasa zai haƙa ya auna ya ɗauki samfur, mai zane kuma zai zana yadda wurin yake. A ƙarshen tafiya za a sami zane guda mai nuna ƙasar gari kamar an yanka ta, da sunayen Hausa a jikinsa.

Mataki na uku shi ne taswirar jama'a. Maza a nasu zama, mata a nasu, makiyaya a nasu, kowa zai zana garin kamar yadda ya san shi: burtali, da mashaya, da kududdufi, da ramin yumɓu, da inda ake samun itacen girki, da inda kukoki da ɗorawa da gawo suke a da. Daga nan sai a kwatanta da hotunan tauraron ɗan'adam. Shirin Landsat na Amurka yana ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 ana samun hotunan kyauta, saboda haka ɗalibi mai kwamfuta da intanet zai iya ganin yadda yankinsu yake fiye da shekaru hamsin da suka wuce.

Mataki na huɗu shi ne aiki da ƙasar kanta. Kowane samfur akan raba shi biyu. Rabi ya tafi ɗakin gwaji a auna yashi da laka da sinadaran da ke cikinsa. Ɗaya rabin a shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ƙaro, kamar dai yadda almajirai ke haɗa tawada da gawayi da ƙaro, sai ya zama fenti. Da wannan fenti za a zana taswirar gari, kowace gona da launin ƙasarta ta ainihi. Manomin da bai taɓa karanta rahoton jami'a ba zai tsaya gaban wannan taswira ya nuna gonarsa da yatsa, ya kuma ga inda fako ke matsowa.

Mataki na biyar shi ne maimaita hoto. Za a kafa alama a wurare ƙayyadaddu, kamar bakin kwazazzabo ko kan dutse, a riƙa ɗaukar hoto daga wuri guda a wata guda kowace shekara. Ɗaliban sakandare ma za su iya wannan da wayar hannu. Bayan shekara biyar, hotunan da kansu za su faɗi ko kwazazzabo yana ci gaba ko an shawo kansa.

Mataki na ƙarshe, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne mayar da sakamako ga masu shi. A baje aikin a makarantar firamare ko a ƙofar gidan dagaci, a yi bayani da Hausa, a bar kwafi a gari.

Matsalolin da Ke Akwai

Ba za mu ɓoye cewa akwai ƙalubale ba. Matsalar tsaro da ta addabi ƙananan hukumomin da ke kusa da Dajin Rugu a shekarun baya-bayan nan ta taƙaita zirga-zirgar masu bincike, kuma wajibi ne duk mai fita daji ya nemi shawarar hukumomin tsaro da sarakuna. Akwai ƙarancin kuɗin bincike. Akwai kuma al'adar jami'o'i ta raba sassa, inda malamin zane da malamin labarin ƙasa za su shekara suna gaisawa ba su taɓa zama kan aiki guda ba. Wasu iyaye kuma suna ganin karatun zane ɓata lokaci ne, wasu suna ƙyamarsa saboda batun zana abu mai rai. Muna so a lura cewa aikin da muka bayyana ya shafi ƙasa da launi da taswira da gini ne.

Har ila yau, akwai batun fasa dutse da ɗibar yashi. Gini yana buƙatar tsakuwa, kuma matasa da yawa suna cin abinci daga wannan sana'a. Amma dutsen da aka fasa ba ya tsirowa. Bincike irin wannan zai taimaka wa hukumomi su bambance dutsen da za a iya fasawa da wanda ke ɗauke da tarihi ko yake ciyar da rijiyoyin gari da ruwa.

Kammalawa

Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Nijeriya, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin yaƙi da kwararowar hamada. Tana kuma cikin jihohin arewa da ke cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Irin waɗannan shirye-shirye ba sa dorewa sai jama'ar wuri sun fahimci abin da ake yi sun ɗauke shi nasu, kuma a nan ne haɗin gwiwar mai awo da mai zane yake da rana.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da su ƙarfafa wa malamai da ɗalibansu gwiwa wajen yin ayyukan haɗin gwiwa a garuruwan da ke kewaye da su, su kuma nemi ƙwarewar takwarorinsu na Zariya. Muna kira ga iyayen ƙasa da su karɓi masu bincike hannu biyu, tare da neman a bar musu kwafin abin da aka samo. Muna kira ga malaman makarantu da su fita da yara su nuna musu bambancin jigawa da jangargari da dabaro, su sa su zana abin da suka gani. Dattawa masu sana'ar gini da tukwane da ƙira kuma, muna roƙonsu da su buɗe baki su faɗi abin da suka sani ga masu rubutawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ke da tsohon hoton gari ko na gona ko na dutse, ya adana shi da kyau, domin wata rana shi ne zai zama ma'aunin da 'ya'yanmu za su gane abin da ƙasarsu ta rasa da abin da aka yi nasarar dawo mata da shi.